AMIN A BAKIN MAWAƘA: Sharhi A Kan Waƙoƙin Cocin Turai Da Na Baƙaƙen Amurka

Duk ɗalibin da ya zauna ajin waƙar baka ya san cewa waƙa tana da gindi tana da ɗiya: jagora ya yi ɗa, 'yan amshi su karɓe shi da gindin waƙa. Amma akwai wani amshi da ya fi kowane gajarta, ya kuma fi kowane tsufa, wanda kullum yana bakinmu, ba mu kuwa cika ɗaukarsa abin nazari ba, watau kalmar nan "Amin". A Turai da Amurka mawaƙa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗora wa wannan kalma guda kari, suna rera ta da muryoyi iri-iri, har ta kusa zama fannin waƙa mai zaman kansa. Abin da nake so in yi a wannan ɗan sharhi shi ne in ɗauki kaɗan daga cikin waɗannan ayyuka, na cocin Turai da na Baƙaƙen Amurka, in auna su da ma'auni guda: bayan mawaƙi ya gama ƙawata Amin, a bakin wa ya bar ta?

Dalilin wannan ma'auni yana cikin kalmar kanta. Asalinta Ibrananci ne, saiwarta kuwa ɗaya ce da ta Larabcin da ya ba mu amana da imani da aminci da amini, waɗanda duk suka taru a kan ma'anar tabbata da yarda. Wanda ya ce Amin ya sa hannu ke nan a kan maganar wani, saboda haka kalma ce ta mai saurare. A wurin suna ko ɗaurin aure malam ke jan addu'a, jama'a ke da Amin. A mazhabar Malikiyya ma, in sallar bayyana karatu ce, liman kan bar wa mamu ita. Malaman Yahudawa na da can sun tsananta a kan wannan ƙwarai. A cikin littafinsu na Talmud sun hana Amin iri uku: wadda aka fizga, da wadda aka yanke wa wutsiya, da wadda suka kira marainiya, watau wadda mutum ya faɗa bai ji addu'ar da yake amsawa ba. Sun kuma ba da labarin wani ƙaton ɗakin ibadarsu a Iskandariyya ta Masar, wanda saboda girmansa na baya ba sa jin na gaba, sai an kaɗa ƙyalle a sama sannan jama'a su san lokacin Amin ya yi. Mai karatu ya riƙe mini marainiyar nan da ƙyallen nan, don za mu sake bukatarsu.

Kiristocin farko sun gaji kalmar yadda take. Justin, wanda ya yi rubutu a birnin Rum wajen shekara ta 150, ya bayyana yadda shugaban taro kan gama addu'a dukan jama'a su amsa da ita, Jerome kuwa, wanda ya rasu a 420, ya kamanta Amin ta coci-cocin Rum da tsawa. Sannu a hankali abin ya sake. Talakawa suka daina jin Latin, harshen sujada, firist ya koma karanta babbar addu'a a asirce, amsawa kuma ta faɗa hannun ƙungiyar mawaƙa da aka horar don haka. To, da aka ɗauke Amin daga bakin gayya aka miƙa wa gwanaye, sai gwanaye suka yi mata abin da suka saba, watau ado. Dubi waƙoƙin sujada da Guillaume de Machaut ya tsara wa muryoyi huɗu a birnin Reims na Faransa a shekarun 1360. A cikin dogayen waƙoƙi biyu, ta yabo da ta shaidar bangaskiya, muryoyin suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, gaɓa bayan gaɓa, yadda za a ji kowace kalma. Da an iso Amin sai linzami ya tsinke. A ja harafin farko a yi ta ja, wannan murya ta faɗi sauti guda ta tsaya waccan ta cafe, salon da Faransawan lokacin suka raɗa wa suna shaƙuwa. Ka ce makaɗi ne ya daure duk tsawon wa'azi, yanzu an ba shi fili.

Wanda ya kai wannan ado maƙura a kunnen yawancin masu saurare shi ne George Frideric Handel, Bajamushe mazaunin Landan. Ya tsara aikinsa mai suna Messiah, watau Almasihu, cikin kwana 24 a 1741, aka fara rera shi a Dablin ta ƙasar Ailan ran 13 ga Afrilu, 1742. Aiki ne na fiye da sa'a biyu, Amin ce kuma ta rufe shi, sama da minti uku ba wata kalma sai ita. Salon da ya bi Turawa na kiransa fuga, ma'anarsa gudu. Mu ce salon kora. Masu kakkaurar murya su fara su kaɗai da wani kari mai hawa sannu a hankali. Da sun kai ƙarshensa sai rukuni na biyu, masu murya mafi sirantaka, su ɗauko shi daga farko, alhali na farkon ba su yi shiru ba, sun ci gaba da wani kari da ya dace da shi. Haka na uku, haka na huɗu. Ana cikin wannan sai muryoyi su ɗauke ɗif, a bar 'yan goge kurum suna bin karin a tsakaninsu, kamar mutum biyu na maimaita zance bayan taro ya watse. Ba zato sai kowa ya auko gaba ɗaya, da kakaki da tambura. Daga nan korar ta ƙara matsewa, kafin wannan rukuni ya yi taku biyu wancan ya biyo sawunsa, har kunne ya kasa rarrabe wa ke gaba wa ke baya. Sannan Handel ya yanke komai. A yi tsit na ɗan lokaci, kana a faɗi Amin ta ƙarshe a hankali, murya ɗaya.

Ta fuskar zubi da tsari ban ga inda zan sa wa wannan aiki wuƙa ba. Amma mu ɗora shi a ma'auninmu. Ba a coci aka fara rera shi ba, a zauren kiɗa ne, da tikiti. Mutum wajen 700 suka cika zauren, har an roƙi mata kada su sa riguna masu buɗaɗɗen ƙugu, maza kuma su bar takubbansu a gida, don wuri ya isa. An tara kimanin fam 400 na sadaka, wanda da kasonsa aka fanso mutum 142 da bashi ya kai kurkuku. Aikin alheri ne babu shakka. Sai dai mutum 700 ɗin nan zama suka yi suna kallon waɗansu na ce musu Amin, ko da kuwa sun so shiga ba hanya, domin karin ya fi ƙarfin wanda bai yi wata da watanni yana koyo ba. Ita kanta kalmar ta narke, abin da ke isa kunne galibi dogon "aaa" ne mai hawa da sauka.

Duk da haka ni ina bayan Handel, ga kuwa dalilina. Ayoyin da suka gabaci Amin ɗin daga littafin Ru'ya ta Yohanna aka ɗebo su, wurin da ake siffanta dubun dubatar mala'iku da dukan halitta suna yabo. Handel ya san kalmar ta gayya ce, don haka ya zana gayyar da sauti. Wanda ya taɓa tsayawa a sahun baya a filin Idi ya san kabbara ba ta isowa lokaci guda, tafe take daga sahu zuwa sahu kamar iska a gonar dawa. To, abin da salon kora ke kwaikwaya ke nan. Watau Handel hoton Amin ya yi, hoto kuwa na gwani. Shirun nan na gab da ƙarshe, a nawa jin, shi ne kaɗai gurbin da ya bar wa mai saurare, ya kuwa san abin da yake yi da ya bar shi.

Matsala tana ga mabiya. Bayan da rufe waƙar coci da korar Amin ya zama al'ada, sai kowane ɗan koyo ya mai da ita fagen nuna ya iya. Hector Berlioz, mawaƙin Faransa, ya tsani wannan ɗabi'a, ya soke ta a rubuce, sannan ya yi mata abin da ya fi suka ciwo. A cikin aikinsa na 1846 a kan labarin Faust, mutumin da ya sayar wa Shaiɗan ransa, akwai wurin da aka shiga gidan giya a birnin Laifzig. Wani mashayi ya yi waƙar ɓeran da ya ci guba a ɗakin girki ya mutu, sai abokan shansa suka ce ai mamaci ya cancanci Amin, nan take suka kafa kora a kan karin waƙar ɓeran, suna ta sarar gaɓoɓin kalmar da muryar maye. Shaiɗan na gefe yana yaba musu cikin ba'a. Abin da ya sa wannan habaici ya yi kaifi shi ne korar ba ta da aibi ko ɗaya ta fuskar ƙa'ida. Berlioz na nuna cewa ƙa'idar ba ta san bambancin addu'a da gawar ɓera ba. Ga marainiyar malaman Talmud nan an yi mata kwalliya.

Akwai waɗanda suka bi hanyar taƙaitawa, ba zan daɗe a kansu ba. Johann Gottlieb Naumann, wanda ya rasu a 1801, ya tsara wa cocin fadar Diresdan ta Jamus wata 'yar Amin mai hawa kamar matakala, ba ta wuce numfashi ɗaya ba. Ta yi farin jini har Mendelssohn ya sa ta a kiɗansa na 1830, Wagner kuma ya mai da ita ginshiƙin wasansa Parsifal a 1882, inda sau da yawa kayan kiɗa ne ke faɗinta, kalmar ta faɗi a hanya. A Ingila, John Stainer na babban cocin Sen Pol da ke Landan ya yi mai ninki bakwai a shekarun 1870, mai laushi ƙwarai, amma ita ma ta 'yan ƙungiya ce. Wadda ta komo wa jama'a sosai ita ce mafi talauci a cikinsu, mai sauti biyu tak, wadda wani littafin waƙoƙin cocin Ingila na 1861 ya liƙa a ƙarshen kowace waƙa, 'yan mishan kuma suka yaɗa ta ƙasashen da Ingila ta mallaka, har da tamu. Kowa na iya ta. Aibinta, liƙe ta aka yi a wutsiyar waƙar da jama'a suka rera da bakinsu, sai ya zama mutum yana amsa wa kansa.

Yanzu mu ƙetare teku zuwa kudancin Amurka, inda a 1860 akwai bayi Baƙaƙe kusan miliyan huɗu. A nan tambayar wa ke da Amin ta wuce zancen kari. Bawa ba shi da "a'a". Duk abin da ubangijinsa ya faɗa sai ya ce to. Wa'azin da fararen fata suka fi yi wa bayi kuwa shi ne su yi biyayya, kada su gudu, kada su taɓa kayan ubangijinsu. Wani mai wa'azi a jihar Jojiya, Charles Colcock Jones, ya rubuta da hannunsa cewa wata rana a shekarun 1830 ya yi wa bayi wa'azi da wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, wadda ke zancen mai da gudajjen bawa ga mai shi, sai rabin masu saurare suka tashi suka fice. Sun hana shi Amin ke nan, da ƙafafunsu. Mutanen da suka san hana ta haka, in suka ba da ita ta yi nauyi. Inda suke ba da ita kuwa shi ne taron ɓoye da suke yi a daji da dare, da mai wa'azi na cikinsu. An hana su ganga a jihar Karolina ta Kudu tun bayan boren bayi na 1739, saboda haka tafi da bugun ƙafa da amshi suka ɗauki aikin kiɗa, bisa tsarin jagora da 'yan amshi da kakanninsu suka zo da shi daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Har bayan 'yanta bayi a 1865 cocinsu bai yarda da wa'azin da ba a amsawa ba. Kujerun da ke gab da mumbari, inda dattawa maza da mata ke zama suna ƙarfafa wa mai wa'azi gwiwa, sunansu kusurwar Amin, sunan da James Baldwin ya ba wasan kwaikwayonsa na 1954.

Daga wannan gida waƙar nan ta fito wadda sunanta kawai Amen. Tsarinta ya juya duk abin da muka gani a baya. A Turai Amin murfi ce, sai an gama magana take zuwa. A nan ita ce gindin waƙa: jama'a ke fara ta, sau biyar a kowane zagaye, uku dogaye masu hawa, biyu gajeru masu sauka, su dawo su sake, ba tsayawa. Jagora ba shi da filin kansa. A 'yan ramukan da ke tsakanin wannan Amin da waccan yake cusa ɗiyansa, gajeru gajeru, yana ba da tarihin Yesu Almasihu yadda Kirista suka yi imani da shi, tun daga haihuwa a sakarkari har zuwa gicciye da tashi. Mu da muka saba da Shata da Narambaɗa mun san 'yan amshi na jiran jagora ya sauke kafin su ɗauka, ko da za su yi masa ƙari. A nan jagora ne ke neman wurin sa ƙafa a cikin amshi. Mai son gardama zai ce ai wannan ita ce marainiya tsantsa, tunda ana amsawa tun ba a faɗi komai ba. Ban yarda ba. Mutanen Iskandariyya ba su ji addu'a ba, amma sun san wadda ake yi, ƙyalle lokaci kawai ya nuna musu. Haka waɗannan: labarin wanda aka kama, aka yi masa bulala, aka kashe bisa zalunci, bai kuwa tabbata a kabari ba, sun san shi tun kafin jagora ya buɗe baki, kuma sun san dalilin da ya sa ya shafe su.

Sai dai yadda waƙar ta iso kunnen duniya shi ma abin dubawa ne. Tun 1871, da ɗaliban Jami'ar Fisk ta Nashbil suka fara yawo da waƙoƙin bayi a zaurukan kiɗa don tara wa makarantarsu kuɗi, ake gyara waɗannan waƙoƙi a rubuce, a raba su murya huɗu irin na Turai. Marubuciya Zora Neale Hurston ta yi ƙorafi a 1934 cewa abin da ake ji a zaure ba shi ne na cikin coci ba, an goge masa kaushi. Wata ƙungiya ta birnin Kilibland mai suna Wings Over Jordan ta sa Amen a faifai a 1948, amma wanda sunansa ya manne da ita shi ne Jester Hairston, jikan bayi, haifaffen Karolina ta Arewa a 1901, wanda ya rasu a 2000. Shi ya tsara ta a takarda, tsarin da makarantu da coci-coci suka yi ta rerawa. Ƙorafin Hurston ya taɓa shi: ga mai ba da hannu a gaba, ga muryoyi a jere, ga 'yan kallo a zaune. Abin da ya cece shi, a ganina, bai taɓa gindin waƙar ba. Bai mai da shi kora ba, bai ja harafi ya ɓatar da kalma ba, wanda duk ya ji zagaye ɗaya zai iya shiga a na biyu.

Fim ɗin Lilies of the Field na 1963 a kan wannan sauƙi ya dogara. Sidney Poitier ya fito a matsayin wani magini matafiyi, ɗan cocin Baftis, wanda ya yada zango a hamadar Arizona wurin waɗansu sistocin Katolika da suka gudo daga Jamus ta Gabas, ya ƙare da gina musu ɗakin sujada. Ingilishinsu kaɗan ne, waƙarsu ta Latin ce, amma kalma ɗaya ta haɗa su da shi, sai ya mai da su 'yan amshinsa. Poitier ya ci lambar Oska a 1964, Baƙar fata na farko da ya ci ta babban jarumi. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To, a nan baki na Poitier ne, murya kuwa ta Hairston ce aka ɗora masa. Wannan bai dame ni ba kamar yadda zaƙin fim ɗin ya dame ni. A shekarar da aka dasa bam a wani cocin Baƙaƙe a Bamingam ta Alabama, ran 15 ga Satumba, 'yan mata huɗu suka mutu, fim ya nuna waƙar jikokin bayi a matsayin abin raha na bayan cin abinci, an wanke ta daga duk abin da ya haife ta. Waɗanda suka mai da mata da nauyinta su ne masu zanga-zangar neman 'yanci na shekarun 1960, waɗanda suka riƙa rera karin a coci da kan titi, wani lokaci su cire Amin su sa kalmar 'yanci a gurbinta. Curtis Mayfield da ƙungiyarsa ta Impressions su ma sun fitar da ita a 1964 da takun fareti da busa, ta dace da tafiyar ƙafa. (Abin ban takaici a gefe: a 1969 wata ƙungiya mai suna Winstons ta yi kiɗanta ba waƙa, aka yanko daƙiƙa shida ko bakwai na gangar Gregory Coleman daga ciki, aka yi ta liƙawa a dubban faya-faye, shi kuwa ya rasu a 2006 cikin talauci, bai ga ko sisi ba.)

Akwai wuri ɗaya da fim ɗin ya yi abin da ya burge ni, watau ƙarshensa. Gini ya ƙare, magini ya tada waƙar, sistoci suka kama amshi, shi kuwa yana jefa ɗiya yana ja da baya har ya fice, ya shiga motarsa ya tafi, su suna ta Amin ba jagora. Abin da ya faru a zahiri bai yi nisa da haka ba. A Disamba ta wannan shekara ta 1963 babban taron Fatikan na biyu ya zartar cewa jama'a su riƙa sa baki sosai a sujada, aka kuma buɗe ƙofa ga harsunan gida. Ba da jimawa ba firist ya koma karanta babbar addu'a a bayyane, Amin ta ƙarshenta ta komo ga masu ita. Da aka shiga neman karin da kowa zai iya, coci-cocin Katolika da dama a Amurka, har da na fararen fata zalla, suka ɗauko na fim ɗin nan. Amshin kaɗai suka ɗauka, zagaye ɗaya ko biyu, a kan jita, suka bar ɗiyan jagora da tafin da ke riƙe da su. Ramukan da Hairston ya bari tsakanin Amin da Amin suna nan a cikin karin, ba mai cike su, sai jama'a su ja numfashi a wurin su wuce.